Ibrahim Salahi: zanen mafarki daga gidan kason Kobar

Mai mulki da bakin bindiga ya san yadda ake rufe jarida, ya san yadda ake hana a sa waƙa a rediyo, ya kuma san inda ake kai wanda ya rubuta takardar kiran zanga-zanga. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne zane irin na mafarki. In aka kawo masa hoton mutum mai dogon wuya, da tsuntsu bisa kansa, da taga mai sandunan ƙarfe a tsakiyar ƙirjinsa, wane laifi alƙali zai karanta a ciki? Babu sunan kowa, babu zagi, babu kiran tawaye. Amma duk wanda ɗan'uwansa ya taɓa kwana a gidan kaso zai gane abin da ake nufi tun kallon farko. Cikin masu zanen Afirka kaɗan ne suka san wannan hanya kamar Ibrahim Salahi, mutumin Sudan, wanda ya ƙarasa koyon ta a wurin da ba a zuwa da son rai.

Asalin zanen mafarki

Nasara na ce wa wannan salo sureyalizim. A shekarar 1924 ne marubuci André Breton ya fitar da takardar da ta bayyana manufarsa a birnin Pari. Shi da abokansa sun ga yaƙin duniya na farko da idonsu, suka ce in dai hankalin manya da tsarinsu ne suka kai miliyoyin samari kabari, to lokaci ya yi da za a saurari mafarki. Sai masu zanensu suka riƙa ɗaukar abubuwan da kowa ya sani, kamar fuska da ƙofa da itace, suna haɗa su ta yadda ba su taɓa haɗuwa a farke, domin mai kallo ya razana ya sake duban abin da ya saba da shi.

Tun farko salon bai rabu da siyasa ba. A 1925 mutanen Breton suka fito fili suka soki yaƙin da Faransa ke yi da mutanen Rif a Maroko, a 1931 kuma suka yi kira ga jama'a da kada su je baje kolin ƙasashen mulkin mallaka da aka shirya a Pari. A ƙarshen 1938, a Alƙahira, Georges Henein da wasu matasan Masar suka sa hannu a kan wata sanarwa ta kare zane-zanen da gwamnatin Hitila ta haramta. Salahi bai fito daga waɗannan ƙungiyoyi ba. Tasa hanyar ta bi ta makarantar allo.

Daga allo zuwa Landan

An haife shi a Umdurman ranar 5 ga Satumba 1930. Mahaifinsa malami ne mai makarantar Alƙur'ani, don haka abin da hannun yaron ya fara riƙewa shi ne alƙalami da tawada da allo, idonsa kuma ya saba da irin adon da ake yi wa allo, wanda a ƙasar Hausa ake ce wa zayyana. Ya yi karatun zane a Hartum, sannan daga 1954 zuwa 1957 ya zauna a makarantar Slade ta Landan, inda ya ƙware a zanen mutane da wurare kamar yadda Turawa ke yi.

Da ya koma gida ya baje zanensa a wani babban otel na Hartum, sai ya ga mutanen gari ba su kula ba. Wannan ya sa shi tambayar kansa: me mutanen Sudan ke ratayewa a ɗakunansu? Ya zaga ya duba, ya tarar da rubutun ayoyi, da adon faifai da tabarma da ƙwarya. Daga nan ya shiga warware haruffan Larabci yana miƙe su yana lanƙwasa su, har fuskoki da dabbobi da halittu masu kama da aljanu suka fara leƙowa daga tsakanin baƙaƙen. Launukansa suka koma na ƙasar da ya taka: baƙi, fari, ja-ja da ruwan ƙasa. Shi da Ahmad Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq su ne ake ambata in ana maganar salon da aka sani da Makarantar Hartum.

Siyasa ta shigo zanensa da wuri. A Janairu 1961 aka kashe Patiris Lumumba a Kwango. A 1963 Salahi ya zana hoton da ya kira Jana'iza da Jinjirin Wata: wasu mutane dogaye, ramammu, masu fuskoki kamar an sassaƙa su, suna ɗauke da gawa a ƙarƙashin wata sabon tsayuwa. Bai zana kamannin Lumumba kamar na mai ɗaukar hoto ba, amma makokin Afirka duka yana cikin wannan tafiya.

Babban ma'aikaci a hannun masu gadi

Ja'afar Numairi ya karɓi mulki da juyin soja a watan Mayu 1969. Salahi ya yi wa ƙasarsa aiki a ƙarƙashin wannan gwamnati: ya riƙe harkokin al'adu a ofishin jakadancin Sudan na Landan, aka dawo da shi gida ya shugabanci sashen al'adu, har ya kai matsayin babban jami'i a ma'aikatar al'adu da watsa labarai. A Satumba 1975 wasu hafsoshi suka yi yunƙurin kifar da Numairi, abin bai yi nasara ba. Cikin waɗanda aka kama har da Salahi, wanda aka zarga da hannu a ciki. Aka kai shi Kobar, tsohon gidan kason da Turawan Ingila suka gina a arewacin Hartum. Ya yi wata shida da ƴan kwanaki a ciki, ba a taɓa gurfanar da shi gaban alƙali ba. Duk ma'aikacin gwamnati ya san darasin da ke nan: kujerar da mutum ya hau da safe ba ta hana a zo ɗaukarsa da rana.

A Kobar an haramta takarda da abin rubutu, wanda aka kama da su kuwa ɗakin kaɗaici ne makomarsa. Salahi ya samu wani guntun fensir, ya riƙa yage takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana yana zane a kai, in ya ji motsin masu gadi sai ya binne su cikin rairayi. Waɗannan zane-zane ba su fita tare da shi ba. Abin da ya fita shi ne dabarar da ƙunci ya koya masa: a fara da ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar iri, a bar shi ya tsiro, a ƙara wata takarda a gefensa, sannan wata, ba tare da mai zanen ya san tun farko inda hoton zai tsaya ba. A nan ne hanyarsa ta gamu da ta mutanen Breton, waɗanda su ma suke sakin hannu ya riga tunani. Bambancin shi ne su sun zaɓi abin a matsayin gwaji, shi kuwa masu gadi suka tilasta masa.

Bayan an sake shi a 1976 aka tsare shi a gida. Cikin wannan zama ya cika wani ɗan littafi da zanen baƙar tawada da rubutun Larabci: fuskoki a bayan sanduna, ƙofofi, tsuntsaye, addu'o'i. Wannan Littafin Kaso yanzu yana gidan adana zane na MoMA a Niyok. Daga baya Salahi ya bar Sudan ya zauna Katar shekaru masu yawa, a 1998 kuma ya koma Oksfod a Ingila.

Abin da ba makawa

Tsakanin 1984 da 1985 ya zana aikinsa mafi girma a kan zalunci, wanda ya sa wa suna Abin da Ba Makawa. Falle tara ne aka jera suka cika bango, baƙi da fari kawai. A ciki hannuwa a dunƙule suna tasowa sama, kawuna da gaɓoɓi da ƙarafa sun cuɗe, ba a san inda mutum ya ƙare makami ya fara ba. Jama'a ce ta tashi a kan wanda ya danne ta. A ƙarshen Maris 1985 tsadar burodi da man fetur ta fitar da mutanen Hartum kan titi, likitoci da lauyoyi da sauran ma'aikata suka tsunduma yajin aiki, ranar 6 ga Afirilu soja suka sauke Numairi yana wajen ƙasa.

Ba zanen ne ya sauke shi ba. Yunwa da yajin aiki da titi ne suka yi wannan. Aikin zane daban yake, kuma ya fi daɗewa. Rahoton hukuma na iya cewa an tsare mutum kaza na kwana kaza, amma ba ya iya faɗin yadda kaso ke bin mutum har gida ya zauna masa a ƙirji. Hoton mafarki shi ke iya ɗaukar wannan shaida, ya kai ta ga wanda ba ya jin Larabci, ya kuma ajiye ta har bayan masu mulkin sun shuɗe.

Sudan ta sake ganin irin wannan rana. A Afirilu 2019 aka sauke Umar al-Bashir, aka kai shi Kobar ɗin nan da ya sha tura abokan hamayyarsa. Matasan da suka yi zaman dirshan a gaban hedkwatar soja suka rufe bangayen wurin da zane. Ranar 3 ga Yuni aka tarwatsa su da harsashi, daga baya aka bi da yawa daga cikin zanen da fenti aka shafe. Wanda ya aika a shafe bango ya nuna da kansa cewa ya karanta abin da ke jiki.

Itacen da ya saɓa wa damina

Duniya ta yi jinkiri kafin ta ba Salahi matsayinsa. Sai a 2013, yana da shekara 82, gidan Tate Modern na Landan ya baje aikin rayuwarsa gaba ɗaya, karo na farko da ya yi wa wani mai zane na Afirka haka. A 2022 aka nuna ƙananan zanen da ya yi a bayan kwalayen magani a babban baje kolin Benis na Italiya. Akwai ɗaci a cikin wannan daraja: Abin da Ba Makawa yana jami'ar Kornel a Amurka, nesa da jama'ar da aka zana dominta. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da rundunar RSF ranar 15 ga Afirilu 2023, aka wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Hartum, nisan nan ne ya zama garkuwarsa.

A shekarun tsufansa Salahi ya daɗe yana zana itace guda, wanda mutanen Sudan ke kira haraz. Manomin Maraɗi ko na Damagaram ba ya buƙatar a yi masa bayaninsa, domin gawo ne. Da damina, sa'ad da kowane itace ke ado da ganye, shi sai ya kaɗe nasa ya tsaya kamar busasshe. Da rani, sa'ad da daji ya bushe, sai ya yi kore ya ba dabbobi abinci da inuwa. Saɓawar tasa ce ke sa gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, shi ya sa manomi mai hankali ba ya sare shi. Mutumin da ya binne zanensa cikin rairayin Kobar ya san dalilin da ya sa ya zaɓi wannan itace.