Gandiroba Ma a Ɗaure Yake

Da an ta da maganar albashin gandirobobi, sai ka ji wani ya ce, "Me za a ƙara musu? Ai aikinsu kulle ƙofa da duka." Wannan magana ta ishe ni, domin fursuna take cuta kafin ta cuci ma'aikaci.

Alƙali sau ɗaya yake yanke hukunci ya tashi. Mai yanke wa fursuna hukunci kullum shi ne gandiroba: shi zai kai mara lafiya asibiti ko ya ce ƙarya yake, shi zai miƙa tuwon da uwa ta kawo ko ya tsakura. A 2019 doka ta mai da gidajen yarin Najeriya gidajen gyaran hali, amma gidan yarin Kurmawa na Kano, ginin zamanin Turawa, bai ƙara faɗi ba, kuma kusan biyu cikin uku na tsararrun ƙasar jiran shari'a suke. Ka ɗauki mutum ɗaya ka jefa shi cikin wannan cunkoso, albashi ba ya kai ƙarshen wata, ga fargabar irin harin gidan yarin Kuje na 2022, me ya rage masa ban da sanda? Nan ake fara sayar da wurin kwanciya da izinin ziyara, a bar ƙaton ɗaki yana mulkin raunana. Jinkirin kotuna ma da nasa laifin a wannan cunkoso.

Za a ce talauci ba hujjar zalunci ba ce. Haka ne, kuma wanda ya daki ɗaurarre a hukunta shi. Sai dai korar mutum ɗaya ba ta gyara wurin da zai lalata magajinsa. Shi ya sa ƙa'idojin Mandela na kula da fursunoni, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, suka sa wadataccen albashi da horo cikin sharuɗɗan aikin. A Norway kuwa shekara 2 ake horar da gandiroba. Masu cewa gidan yari ba otal ba ne su tuna ɗaurin kansa shi ne hukuncin, kuma yawancin na ciki unguwa za su dawo.

Mai ɗan'uwa a ciki ya daina miƙa na goro a ƙofa, don gobe farashin zai tashi a kan wanda ba shi da ko sisi. Ya nemi jami'in walwala. In an ci zarafi, ya rubuta rana da abin da ya faru, ya kai wa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Masu kai sadaka da azumi kuma, in sun sauke buhunan, su leƙa barikin ma'aikata su ga inda suke kwana.