Hawainiya Mai Ƙwai A Hannun Yara

Ƙarshen damina, lokacin yankan gero da riɗi a ƙasar Gumel, daga Gagarawa har Sule Tankarkar da Maigatari, yara sukan kamo hawainiya su jefa a kwali, wai sun sami abin kiwo. Sau da yawa tamata ce, ta sauko daga itace cikinta cike da ƙwai, tana neman wurin haƙa rami.

To, nan hatsarin yake. In ba ta sami ƙasar haƙa ba, takan riƙe ƙwan har ya kashe ta. Saboda haka wanda ya ajiye ta, lalle ya zuba mata yashi mai danshi, zurfin inci 12, ya kafa reshe mai ganye, ya bar ta ita kaɗai inda hantsi ke bugawa, da 'yar inuwa. Ba ta shan ruwa a kasko, sai an yayyafa a ganye ta lasa kamar raɓa. Abincinta fara ce da ƙuda, masu rai. Zancen wai tana da dafi kuwa, camfi ne.

Da ta binne ƙwan a maida ta gona, ta ci gaba da cinye farar da ke ɓarnar gero. Ƙwan kada a tone shi, watanni yake yi kafin ya ƙyanƙyashe.