A Kasuwar Kontagora, Riba Tana Hannun Mai Iya Jira

Jirgin ƙasa bai biyo ta Kontagora ba. Layin dogon da Turawa suka shimfiɗa ya bi ta Jebba da Zungeru da Minna ya wuce Kano, ya bar Kontagora, garin Umaru Nagwamatse, a gefe. Titi ne ya riƙe kasuwancin garin: babbar hanyar da ta taso daga Legas ta Mokwa, ta ratsa Kontagora ta nufi Yawuri da Sakkwato, ga kuma wadda ta fita Tegina. Shi ya sa sana'ar garin ta fi karkata ga tara kaya da loda su a mota.

Da kaka, manomi zai shigo da masara ko dawa ko wake. Dillali ya zura hannu cikin buhu, ya damƙo, ya gutsuri ƙwaya da haƙori don ya ji ko ta bushe, sannan a yi ciniki, ya cire la'adarsa, 'yan dako su ɗauka. A lokacin farashi yana ƙasa, domin kowa ya kawo kuma kowa a matse yake: ga bashin taki, ga kuɗin makaranta, ga auren da aka sa wa rana. Mai jari sai ya saye, ya zuba maganin ƙwari, ya kulle a sito har damina ta yi nisa, rumbuna su ƙare. A yawancin shekaru, nan ribar take. Wani lokaci manomin da ya sayar shi ne zai dawo yana awon tiya da tsada.

Kafin 1986 hukumomin ciniki na gwamnati ne ke yanka farashin gyaɗa da auduga. Da aka rushe su, sai ciniki ya koma tsakanin mai kaya da mai kuɗi.

To me ya hana manomi jira? Jari. A 1977 Babban Bankin Najeriya ya tilasta wa bankuna buɗe rassa a karkara, a 1990 aka kawo bankunan al'umma, a 2005 kuma aka haɗe bankuna 89 suka koma 25. Duk da haka banki jingina yake nema, gonar gado kuwa galibi ba ta da takardar mallaka, sannan mutane da yawa suna gudun kuɗin ruwa saboda addini. Sai aka tsaya ga abin da aka sani: adashi, inda ake zubi kowace ranar kasuwa a kwasa bi da bi, da bashin taki da ɗan kasuwa ke bayarwa da damina a biya shi da buhu da kaka. Masu POS, da suka yawaita tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, sun sauƙaƙa biya da karɓa, amma ba su ba da jarin wata shida.

Masana'anta ma jira ce, mai tsawo. Jihar Neja, inda Kontagora take, na kan gaba wajen kaɗanya a Najeriya. Mata ne ke tsinto ta da damina, su dafa, su shanya, su daka, su soya, su niƙa, su yi ta bugu da hannu har man kaɗe ya taso fari a kan ruwa. Mafi yawan ƙwallon kuwa ɗanye ake lodawa, a tace shi a wani wuri. Injin tacewa yana son kuɗin da ba zai dawo a kaka ɗaya ba, yana son wuta tsayayya, kuma abin takaici ne a ce madatsar Kainji tana jihar nan tun 1968 amma mai injin niƙa yana lissafin kuɗin dizal.

A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya waje na wata shida, don a riƙa tace shi a gida. Niyyar mai kyau ce, amma a ganina an sa doka kafin a samar da injina, domin farashi ya faɗi nan take, kuma matan da suka tsinto ne suka fara ji a jika.