Manhajar Sata A Gareji: Abin Da Ya Kamata Ka Tambayi Bakanike

Duk wanda ya taɓa kai mota unguwar makanikai ta Apo ya san yadda ake yi. Fitilar gargaɗin inji ta kama, sai a ce a ɗauko kwamfuta. Bakanike ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari, ya soka waya a wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD-II. Tun 1996 Amurka ta wajabta ta a motocin da ake sayarwa a can, shi ya sa kusan kowace tokumbo ke da ita.

Abin da mai mota bai cika tambaya ba shi ne asalin manhajar da ke cikin kwamfutar. Toyota na da Techstream, Mercedes na da Xentry, kuma da dala ake biyan lasisinsu. Saboda tsadar, gareji da dama sun koma ga kwafin da aka fasa wa kariya, haɗe da jabun waya mai araha.

Idan karanta lambar matsala kawai za a yi, haɗarin da sauƙi. Ɓarnar tana wajen rubutu: sabunta ƙwaƙwalwar inji, saita sabon makulli, ko taɓa tsarin birki da jakar iska. Jabun waya na iya yanke sadarwa ana tsakiyar aiki, ƙwaƙwalwar ta tsaya da rabin umarni, motar da ta shigo da ƙafarta ta ƙi tashi. Ga shi kuma kwafin sata ba ya karɓar gyare-gyaren kamfani, don haka yana iya ɗora wa sabuwar mota tsohon bayani. Sau da yawa ma sai an kashe rigakafin kwamfuta kafin ya zauna, wanda hakan buɗe ƙofa ne ga muguwar manhaja.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare manhajojin kwamfuta, ta kuma haramta fasa kariyarsu.

Ga direba ko hadimin da aka damƙa wa motar ofis, lamarin ya fi nauyi, domin garantin kamfani ba ya ɗaukar ɓarnar da irin wannan aiki ya jawo, kuma wanda ya kai motar shi zai amsa takardar tuhuma. Kafin a soka waya, ka tambaya: karantawa za a yi ko rubutawa? In rubutu ne, a nuna maka lasisi, a kuma jona batirin da na'urar da ke riƙe ƙarfin wuta har a gama.