Gwajin Jini Da Farashin Zinari A Zamfara

Tashin farashin zinari a kasuwannin duniya bayan shekarar 2008 ya ja ɗimbin manoman Jihar Zamfara zuwa ramukan haƙar ma'adinai. Amma duwatsun da ake haƙowa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum cike suke da dalma, kuma a cikin gidaje ake daka su ana niƙa su, ƙura tana sauka a inda yara ke rarrafe.

A shekarar 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yawan mace-macen ƙananan yara a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai da aka auna jini sannan gaskiya ta fito fili: gubar dalma ce. An ƙiyasta cewa yara wajen 400 ne suka rasu.

Ana auna dalma ne da maikirogiram a cikin kowane desilita na jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 5 ya kamata a fara neman tushen gubar. A binciken da hukumar CDC ta Amurka ta gudanar tare da jami'an Nijeriya a ƙauyuka biyu, kashi 97 cikin ɗari na yaran da aka auna sun kai 45 ko sun zarce, matakin da ake ba da maganin fitar da gubar. Hasali ma, jinin yara da dama ya wuce 65, iyakar abin da na'urar tafi-da-gidanka ke iya karantawa.

Waɗannan alƙaluma ne suka nuna inda ya kamata a zuba kuɗi. Sun tabbatar da cewa ba wa yaro magani a mayar da shi gurɓataccen gida asara ce, domin gubar kan sake hawa. Saboda haka sai an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa kafin a fara magani. Wannan ne ya sa yaran Bagega suka yi ta jira har 2013, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin.

Annobar ta sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, inda yara 28 suka rasu. A 2022 kuwa MSF ta miƙa aikinta na Zamfara ga hukumomin jihar, bayan ta auna yara fiye da 8,000.

A Disambar 2024 gwamnati ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sanya wa jihar tun 2019. Don haka ya wajaba masu zuba jari da dillalan zinari su sanya kuɗin gwajin jini, da na injinan niƙa masu amfani da ruwa a wajen gari, cikin lissafin jarinsu. In ba haka ba, 'ya'yan ma'aikata ne za su biya cikon.