Gajiyar hannu wajen buga Hausa a kwamfuta: misalin masu bincike a ƙasar Arewa

1. Gabatarwa

Ɗalibin da ya ɗauko hira a Lugu, Bagaji ko Matankari, ko a ƙauyukan gundumar Tibiri wadda aka cire daga ta Dogon Dutsi a 2011, yakan ɗauka wahala ta ƙare da ya dawo Yamai. Alhali kuwa mayar da hirar sa'a guda a rubuce takan ci sa'o'i da dama. A nan ne wasu ke fara jin zogi a wuyan hannu, har aikin kundi ya tsaya. Wannan maƙala za ta duba mafarin matsalar da hanyoyin rage ta.

2. Yadda ciwon yake samuwa

Tun a 1713 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya bayyana ciwon magatakarda, ya danganta shi da dogon zama da maimaita motsi iri ɗaya. A wuyan hannu akwai wata ƙunƙuntar hanya wadda jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu ke bi, tare da jijiyar ji ta babban yatsa da na kusa da shi. Idan aka tanƙwara wuyan hannu sama ko gefe, matsi yana ƙaruwa a cikin hanyar. Binciken likitoci bai tabbatar da cewa buga haruffa kaɗai na haddasa shaƙewar wannan jijiya ba, amma dangantakar dogon aiki da kwamfuta da ciwon dantse, kafaɗa da wuya ta fi fitowa fili, musamman ga mai yawan riƙe linzami.

3. Tsarin AZERTY da harshen Hausa

Allon haruffan da aka saba da shi a Nijar na Faransanci ne, wato AZERTY. Matsalolinsa ga mai buga Hausa uku ne.

Na farko, harafin a, wanda ya fi kowane yawa a Hausa (3 ne cikin haruffa 9 na «Matankari»), yana kusurwar sama ta hagu. Ƙaramin yatsa, mafi rauni, shi ke miƙewa gare shi kowane lokaci. Inda yatsan ke hutawa kuwa, q ne, harafin da Hausa ba ta amfani da shi. Layin tsakiya duka babu wasali ko ɗaya.

Na biyu, lambobi da aya ba su fitowa sai an danne maɓallin manyan haruffa.

Na uku, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba su da gurbi. Akan samo su ta danne maɓalli biyu a tare, ko ta nemo su da linzami. Matsalar tsohuwa ce: bayan taron Yamai na 1978 kan haruffan harsunan Afirka, Michael Mann da David Dalby sun ba da shawarar wani allon keken rubutu da suka sa wa sunan Yamai, amma bai yaɗu ba.

4. Abin da za a iya yi

a) Sauya gurbin haruffa. Da manhajar Keyman, wadda kyauta ce, ana iya musanya a da q, a kuma ɗora ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a kan é, è, ç, à. Mai rubutu cikin harsuna biyu sai ya ajiye tsari biyu, yana sauyawa. Tsarin BÉPO, wanda hukumar AFNOR ta Faransa ta amince da shi a 2019, ya jera a, u, i, e a layin tsakiya.

b) Rage ƙarfin bugu. Maɓallin kwamfuta na yau da kullum yana aiki da nauyin giram 45 zuwa 60, amma yawancin mutane suna bugunsa da ninki biyu ko fiye, balle wanda ya koyi aiki a keken rubutu. Allo mai laushi yana da amfani idan mai shi ya koyi sassauta yatsu. A riƙa kuma kakkaɓe ƙurar hunturu, domin tana ƙara wa maɓallai tauri.

c) Gyara zama. Gwiwar hannu ta kasance kusa da jiki, daidai da tsayin tebur, wuyan hannu a miƙe. Kwamfutar tafi-da-gidanka a ɗora ta kan littattafai har saman fuskarta ya zo daidai ido, a haɗa mata allo na daban.

d) Rage linzami. A ajiye shi dab da allo. Wajen rubuta hira, a tsayar da murya da maɓalli guda ko da abin takawa na ƙafa.

e) Hutu. Gajeren hutu kowane rabin sa'a ya fi dogon hutu guda da maraice.

5. Kammalawa

Yawancin waɗannan matakai ba su bukatar kuɗi. Ya kamata sashenmu ya tsayar da tsarin haruffa guda na Hausa, ya koya wa ɗalibai shi kafin su fita bincike. Wanda kuwa mutuwar yatsu ke tashinsa daga barci, ko abu ke suɓuce masa daga hannu, ya ga likita ba da jinkiri ba, domin ciwon sukari da juna biyu su ma suna kawo irin waɗannan alamu.