Idan Allon Kwamfuta Ya Ƙi Nuna Hoto Daidai: Yadda Za Ka Gano Inda Cutar Take

Ya kai mai karatu, wataƙila a cibiyarku ta yaƙi da jahilci, ko a ofishin ƙungiyarku ta manoma ko ta mata, akwai kwamfuta guda ɗaya tak. A cikinta sunayen ɗalibai suke, da lissafin asusu, da wasiƙun da ake aikawa. Wata safiya sai ka kunna ta, ka tarar allon ya yi baƙi ƙirin, ko hoton ya rine ya koma rawaya, ko kuwa layuka sun ratsa shi. Abin da ke fara zuwa a zuciyar mutum shi ne: shi ke nan, komai ya ɓace. To, kwantar da hankalinka. Allo ba ya ajiye komai. Aikinsa nuni ne kawai, kamar madubi. Rubuce-rubucenku suna cikin akwatin kwamfutar, kuma ko allon ya mutu ɗungurungum, suna nan yadda ka bar su.

Kafin hoto ya iso idonka, yakan bi ta hannu huɗu: wutar lantarki, akwatin kwamfuta wanda ke haɗa hoton, wayar da ke ɗauko shi, sannan allon da ke nuna shi. Ɗaya daga cikinsu ne ya gaza, kuma aikinka shi ne ka gano wanne ne. Ribar wannan bincike a fili take. Waya ba ta kai rabin rabin kuɗin allo ba, amma sau da yawa akan sayi sabon allo alhali waya ce ta lalace.

Fara da wuta

A ƙasan kowane allo, ko a gefensa, akwai ƴar ƙaramar fitila. Dube ta tukuna. Idan ba ta kama ba sam, wuta ba ta shiga allon. Duba ko wayar wutar ta zauna sosai a bayansa, sannan ka gwada soket ɗin da wani abu, kamar rediyo ko cajar wayar hannu. Idan fitilar ta kama da launin kore, shuɗi ko fari, allon na samun wuta kuma yana samun hoto. Idan ta koma ruwan goro, ko tana ƙyaftawa, galibi ma'anarsa allon na da wuta amma yana jiran hoton da bai iso ba.

Mazaunin Yamai ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan wuta. Lantarkin gidajenmu na da ƙarfin bolt 220. Tun 1976 babban layin da ya taso daga Birnin Kebbi ke kawo wa birnin wuta daga Najeriya. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wannan wuta, ba a maido da ita ba sai a 2024 bayan an ɗage takunkumi. Akwai kuma tashar Goru Banda ta kamfanin NIGELEC, wadda aka buɗe a 2017, aka ƙara mata sashen hasken rana mai megawat 30 a 2023. Amma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma kowa ya kunna fanka da firji, ƙarfin wuta yakan sauka. Idan ka ga hoton allo na rawa ko yana ɗaukewa yana dawowa, ɗaga kai ka dubi ƙwan fitilar ɗakin. In shi ma yana disashewa a daidai wannan lokaci, allonka ba shi da laifi. Haka nan yakan faru idan ƙaramin injin wuta ne ke ba ku lantarki.

Maganin wannan shi ne na'urar daidaita ƙarfin wuta, wadda masu shaguna a Yamai suka fi sani da sunanta na Faransanci, «régulateur». Akwai kuma «onduleur», mai batir a ciki, wadda ke riƙe kwamfuta na ƴan mintoci bayan an ɗauke wuta domin ka samu ka ajiye aikinka. Idan ba ku da ko ɗaya, to da zarar an ɗauke wuta ka zare wayar daga bango. Dawowar wuta da ƙarfi ita ce ta fi ƙona kaya, ba ɗaukewarta ba.

Ka tambayi allon da kansa

Ga wata dabara mai sauƙi wadda mutane da yawa ba su sani ba. A jikin allo akwai maɓallai, ɗaya daga cikinsu an rubuta masa «Menu». Idan ka danna shi, wani ɗan akwatin rubutu yakan fito, inda ake ƙara haske ko rage shi. Wannan ɗan akwati allon ne ke zana shi da kansa, babu hannun kwamfuta a ciki. Saboda haka, idan ya fito tsaf alhali sauran hoton a lalace yake, allon lafiyarsa lau, sai ka nemi cutar a waya ko a akwatin kwamfuta. Idan kuwa layukan sun ratsa har da shi, to cutar a jikin allon take.

Haka nan idan ka ga rubutu na yawo a kan allon yana cewa «Pas de signal», ko makamancinsa da Turancin Ingilishi, wannan labari ne mai daɗi. Allon yana raye, yana gaya maka ne cewa babu abin da ke iso masa.

Waya: a nan cutar ta fi ɓuya

Kashe kwamfutar, ka leƙa bayanta. Yawancin kwamfutocin da ke cibiyoyinmu tsofaffi ne da aka sayo na hannu, kuma suna amfani da waya mai shuɗin kai da ake kira VGA. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da ita a 1987. A bakinta akwai ƴan allurai 15 a jere uku, da noti biyu na ɗaurewa.

Don ka fahimci abin da ke faruwa, ka san cewa duk launin da ka gani a allo, an haɗa shi ne daga launi uku kacal: ja, kore da shuɗi. Idan ukun suka haɗu da cikakken ƙarfinsu, sai su ba da fari. A wayar VGA kowane launi da allurarsa: ta farko ta ja ce, ta biyu ta kore, ta uku ta shuɗi. Idan allura ɗaya ta lanƙwashe, ko ta yi tsatsa, ko silinta ya tsinke a cikin roba, wannan launi ba zai isa ba, sauran biyun ne za su rage. Saboda haka launin da allon ya rine da shi, shi ne zai gaya maka wanda ya ɓace. Idan farar takarda ta koma rawaya, shuɗi ne bai iso ba. Idan ta koma ruwan hoda mai duhu, kore ne ya ɓace. Idan ta koma shuɗi mai ratsin kore, ja ne babu.

Zare wayar, ka hure ƙurar bakinta, ka dubi alluran a cikin haske. Kada ka damu in ka ga gurbin allura ɗaya babu komai a jeren tsakiya, wasu wayoyin haka ake ƙera su. Wadda ta lanƙwashe ana iya miƙe ta sannu a hankali da bakin ƙaramin almakashi, amma sau ɗaya, domin in ka yi ta lanƙwasa ta za ta karye. Mayar da wayar, ka ɗaure notin biyu. Kunna kwamfutar, ka ɗan motsa wayar da hannu kana kallon allo. Idan launin na sauyawa yayin da kake motsa ta, ka kama ɓarawon.

Sababbin kwamfutoci na amfani da wayar HDMI, mai siririn baki kuma ba ta da noti. Ita ba ta cika rine hoto ba. Idan ta lalace, sai ka ga ƴan ɗigo-ɗigo na ƙyalƙyali, ko hoton ya ɗauke na daƙiƙa biyu ya dawo. Da yake ba a ɗaure ta, sharar ɗaki kaɗai takan sa ta saki.

Abin lura guda: wasu akwatunan kwamfuta na da ƙofar hoto biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Idan an kwashe kayan an sake haɗawa, kuma allon ya ce babu hoto, gwada ɗaya ƙofar.

Musaya

Gwajin da ya fi kowanne tabbaci shi ne aro. Ari wayar maƙwabci ka sa. In hoto ya gyaru, an gama. In bai gyaru ba, ɗauki allonka ka haɗa shi da wata kwamfuta, ko ka haɗa kwamfutarka da wani allo. Talabijin ta zamani ma takan yi, in tana da ƙofar da ta dace. Sharaɗin shi ne ka sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya sauya waya da allo a tare, ko hoton ya gyaru, bai san wanne ne mai laifi ba.

Idan laifin na akwati ne

Wani lokaci babu abin da ya lalace, saiti ne aka taɓa. Hoton allo ƴan ƙananan ɗigo ne aka jera. Allo mai lamba 1920 × 1080 na da ɗigo 2,073,600. Kowane allo shafaffe na da lambarsa ta asali, kuma idan aka saita kwamfuta a kan wata lamba dabam, rubutu zai yi dishi-dishi, fuskokin mutane su yi faɗi. Sai a shiga saitin nuni a zaɓi lambar da kwamfutar ta ba da shawara. Idan hoton ya juya ƙafa a sama, galibi yaro ne ya danna maɓallai. A wasu kwamfutoci danna Ctrl da Alt da kibiyar sama a tare yakan maido shi. Windows 10, wadda ta fito a 2015, daga baya an ƙara mata wani saiti na dare mai sa allo ya yi ja-ja don hutar da ido. Duba shi kafin ka zargi waya.

Amma idan ƙananan murabba'ai masu launi ne ke warwatse a hoton, musamman bayan kwamfutar ta yi awa guda tana aiki, ka zargi zafi. Ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, takan toshe fankar cikin akwati, sai bazara ta zo ta tarar da ita a toshe. Kashe ta, ka bar ta ta huce. In hoton ya dawo daidai da sanyinta ya sake ɓaci da zafinta, tana bukatar a buɗe ta a share. Kuma kada ka lulluɓe ta da zane tana aiki. Lulluɓi sai bayan an kashe.

Ga mai kwamfutar tafi-da-gidanka, wayar hoton a ɓoye take cikin maƙalin murfi. Buɗe murfin ka rufe shi sannu sannu. Idan hoton na zuwa yana tafiya, wayar ce ta gaji da lanƙwasa, kuma ana sauya ta ba tare da an sauya allon ba.

Idan laifin na allo ne

Galibi allo shafaffe ba ya haske da kansa, fitila ce a bayansa ke haska hoton. Idan ya yi duhu alhali ƴar fitilarsa na nuna yana aiki, ɗauko tocila ka haska gilashin daga kusa, a karkace. In ka hango hoton a dusashe, fitilar baya ce ta mutu, ko sashen da ke ba ta wuta. Idan kuma allon na kamawa na daƙiƙa biyu ya mutu, ko sai ya jima kafin ya kama, sau da yawa wasu ƴan ƙananan gwangwanaye ne masu tara wuta suka kumbura a ciki. Zafi ne ke gajarta musu rai. Wannan gyara ne mai araha a hannun wanda ya iya.

Ɗigo ɗaya baƙi ko mai launi wanda ba ya motsi ba ya hana aiki, a haƙura da shi. Layi siriri a tsaye daga sama har ƙasa, wanda ya ratsa har akwatin «Menu», ko tabo baƙi mai yaɗuwa kamar tawada ta zube, wannan gilashin ne ya samu rauni. A ganinmu bai cancanci a kashe masa kuɗi ba, domin sabon gilashi yakan kusa kai kuɗin wani allon na hannu.

Har yanzu akwai tsofaffin alluna masu ƙeya, irin talabijin ta da, a wasu makarantu. Su maganaɗisu ne abokin gabansu. Idan kusurwa ɗaya ta rine da launi, ko hoton na karkarwa, matsar da lasifika, fanka da na'urar daidaita wuta daga kusa da shi, ka kashe shi na rabin awa, ka sake kunnawa. Amma ko kusa kada ka kwance bayansa. A cikinsa akwai wuta mai ƙarfin bolt kusan 25,000, kuma takan zauna a ciki ko bayan an zare waya daga bango. Gilashinsa kuma na ɗauke da dalma mai guba, don haka in ya mutu kada a fasa shi, kada a ƙona shi a bola, kada a bar yara su yi wasa da shi.

Ran da za ka je wurin mai gyara, ɗauki hoton matsalar da wayarka ta hannu, domin wata cutar takan ɓuya idan ta ga likita. Rubuta a takarda abin da ka gwada: launin ƴar fitila, abin da «Menu» ya nuna, da sakamakon musaya. Idan bincikenka ya nuna allo ne, allon da wayoyinsa kaɗai za ka kai, akwatin ya zauna a cibiya da rubuce-rubucenku. Idan akwatin ne dole ya tafi, ari wani allo tukuna, in hoto na fitowa ko yaya ka kwafe sunaye da lissafin a kan ɗan makullin USB. Ku yi ciniki kafin ya kwance noti, kuma ka roƙe shi ya ba ka abin da ya cire.